Gidan da Miya Ke Gangarawa

Mun tashi daga Gidan Rumji ana sallame sallar asuba, ni da wani taubashina, ɗauke da kwando cike da dashen zogale da saiwar gamba. Kawunmu ne ya kira. Da ya ajiye aikin buro, wato ofis, sai ya je wani ƙauye kusa da Gazawa ya gina gida a jikin tudu, wai iskar can ta fi daɗi, ya ɗauko mahaifiyarsa, kakarmu Inna, ya kai ta. To ga shi Inna ta ƙulle kayanta, ta ce kafin ruwan farko za ta koma wurin 'yarta. Ni kuwa don na taɓa aikin haƙa ramuka masu siffar rabin wata a gonaki saboda tare ruwa, dangi sun naɗa ni injiniyan da zai gyara gidan ba tare da an shawarce ni ba.

Hanyar Maradi lafiya lau, sai dai direba ya ɗora kwandona a saman mota kusa da wata akuya, kafin mu wuce Tibiri ta yi wa zogalen aski. A shingen Cadawa wani jandarma ya leƙa kwandon ya ce, "Yanzu kuma ƙauye aka kai ma haki?" Na ce masa wannan hakin aiki zai je yi. A Agye muka sayi aya, ga ta da arha ga zaƙi, taubashina ya yi ta tauna har Gazawa, na samu hutun bakinsa. Nan muka sha fura da nono mai kauri, muka hau kabu-kabu, yashi yana ta watsa mu hagu da dama.

Mai babur ya sauke mu a gindin tudun ya ce nan ne iyakarsa. Abin da ya fara yi mana maraba ƙwarya ce, ta fito ta ƙofar zaure da gudu, matar Kawu na biye da ita. Gidan a tsaye yake. Zaure da ɗakin ajiya suna ƙasa, madafa a tsakiya, ɗakin Inna can ƙololuwa, domin Kawu ya rantse ba mai kwana sama da mahaifiyarsa. In an yi wanke-wanke, ruwan ta ƙarƙashin tabarmar baƙi yake bi. In ka ajiye buta, sai ka tare ta da takalmi.

Da aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, Kawu ya zauna ta sama kamar yadda ya dace da babba, mu muka zauna ta ƙasa. Ana ajiye kwano miya ta taho wurinmu gaba ɗaya, har da naman. Muna tsoma loma, Kawu yana haɗiyar gaya cikin mutunci. Na ce ko mu yi musanyar wuri, ya harare ni ya ce yaro ba ya zama sama da babba. Taubashina ya ce wallahi gaskiya ne, al'ada ba a wasa da ita, ya ƙara jawo ƙashi.

Washegari muka kama aiki. Muka kafa turaku, muka ja igiya, muka yanka tsakar gidan hawa uku kamar manyan dakali. Bakin kowane hawa muka jera buhunan yashi da marmara da amalanke ta kawo, muka dasa gamba don ta riƙe ƙasa, ragowar zogalen da akuya ta yafe muka sa a bayanta. Ruwan wanke-wanke muka yi masa hanya zuwa gindin lemun tsami. Hawan sama kuwa na ware wa Inna, da rumfa, yadda za ta riƙa hangen gonaki har bakin gulbi.

Na hau in yi mata albishir, na isa ina haki. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, kai da ƙuruciyarka ke nan." Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Gonaki na gan su tun ba a haifi uwarka ba. Kun rataye ni nan kamar masarar iri. Gwiwata ba ta sauka, ina jin dariyar ɗiya can ƙasa, ban ganin su. Gidanga komi gangarawa shikai. Ku aje ni inda abin ka tsayawa."

Tausayinta ya kama ni. Wata da watanni tsohuwar nan tana zaune ita kaɗai, mu muna ce ma abin girmamawa.

Da na kai wa Kawu maganar, ya biyo ni sama yana cewa, "Inna, mi mutane za su ce, uwata ƙasa ni bisa?" Ta ce, "Duk mai magana shi hawo nan shi hwaɗa mani, in yana da gwiwa." Kawu ya buɗe baki, numfashi bai bar shi ya amsa ba.

Muka kwashe buhunan hatsi daga ɗakin ajiya, aka share, aka shafe, muka sauko da rumfar zuwa hawan ƙasa. Ni da taubashina muka ɗauko Inna a kan kujera, tana zagin mu wai muna girgiza ta. Kafin la'asar tabarmarta ta cika: ga ludayi, ga buta, ga kaza, ga autan gidan da ya taho da rarrafe ya tsaya a cinyarta. Sai muka ga ta aika a miƙo mata ƙullin kayan nan, ta kwance, ta fito da mazarinta.

Mun dawo gida lafiya, tafin hannu duk kanta, taubashina yana ƙorafin na lalata masa gidan cin nama, tunda yanzu kwano daidai yake zama. Na tafi da niyyar koya wa tudu zama, na dawo da sanin cewa kafin ka ɗaga tsoho sama, ka tambaye shi inda yake son a ajiye shi. Jiya Kawu ya kira ya ce an yi ruwan farko, gamba ta riƙe. Na ce a ba Inna mu gaisa, ya ce in sake kira, tana rabon faɗa tsakanin jikoki.