Inna Mai Wankin Kwalabe

Shekara goma sha tara Inna ta yi tana wankin kwalabe a cibiyar binciken da nake aiki. Ɗakinta yana ƙarshen baranda: famfo biyu, kwandon ƙarfe, da wani buroshi mai dogon hannu da ba ta yarda kowa ya taɓa. Da wannan aikin ta riƙe 'ya'yan ƙanenta uku bayan rasuwarsa. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma jin harshen ko ɗaya daga cikin baƙin masanan da ke zuwa mana daga ƙasashe.

Ni ne tafintan cibiyar, ni kuma aka ɗora wa koya wa baƙin harshenmu duk Talata. Ina da allo, ina da littafi, ina da girman kai daidai gwargwado. Su zo su maimaita gaisuwa kamar aku, su fita su manta.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wanda ke kai wa Inna kwalabe da kansa, cikin 'yan watanni bakinsa ya buɗe. Ita ba ta karɓar kwalba sai ta tambayi lafiyar uwar mai kwalbar, kuma ba ta da mantuwa. In jiya ka ce ƙafa ke damun tsohuwa, yau za ta ce, "To, ƙafar fa? An ga likita? Wa ke yi mata girki?" Dole ka wuni kana neman kalmomin gobe. Wata masaniyar ƙwayoyin cuta da muke kira Doguwa ta fi kowa shan wannan tambaya.

Sai aka sayi injin wanki, aka ce aikin Inna zai ƙare ƙarshen wata. A taron ma'aikata, Shugaba, wanda shi ma baƙo ne kuma ko gaisuwa bai riƙe ba, ya sanar da hakan. Ya ƙara da yabon ajina, wai shi ya sa baƙi ke magana. Na karɓi yabon ina jin daɗi, alhali na san gaskiya. Inna tana can baya, hannayenta a cinya.

Doguwa ta miƙe, ta yi magana da harshenmu don Inna ta ji. "Malam, ka fassara masa," ta ce da ni. "Abin da na iya, a bakin famfo na koye shi, ba a aji ba. Ran da mamata ta rasu, Inna na fara gaya wa, don ita kaɗai ce a ginin nan ta san ina da uwa."

Kunya ta rufe ni. Shugaba yana kallon bakina, kuma da na rage rabin maganar ba zai taɓa sani ba. Na fassara duka, har da batun ajin. Na ƙara nawa, na ce gaskiya ta faɗa.

Injin dai ya zo, yana wanki tas. Amma an bar Inna, ita ke jera masa kwalabe, aka kuma ce kowane sabon baƙo ya riƙa kai nasa da hannunsa.

Ran Talata na rako mata wasu sababbi biyu. Ta dube su, ta dube ni, ta goge hannunta da zani.

"Su bari tukuna," ta ce. "Kai, Malam, shekara shida muna gini ɗaya, ban san ko kana da uwa ba. Zauna. Yaya take?"