Burgi da Lauyan Maƙabarta

Walburga Hinterleitner, wadda kowa a ƙauyenmu ke kira Burgi, tsakanin tukunya da naman barewa ta yi rayuwarta. A gidan abincin bakin kasuwa ta fara da feraye dankali, har ludayi ya dawo hannunta. Can Xaver maharbi ya sha romonta, ya sake sha, ya aure ta. Barewa ɗari biyu da sha ɗaya ya harba a zamansu, babu wadda ba ta bi ta tukunyar Burgi ba. Da ya rasu, sai ta juye ƙwazonta kaf a kan kabarinsa.

Ranar Tsarkaka, ɗaya ga Nuwamba, kowa kan tsaya a kabarin nasa, Fada na bi yana yayyafa ruwa, baki na addu'a, ido na kan furannin maƙwabta. Maƙwabciyar Burgi a maƙabarta kuwa Zenzi ce, matar marigayi mai gasa burodi, wadda kallo ɗaya za ta yi wa kabari gari ya ɗauka har bazara.

Bana Burgi ta dasa furanni sittin. Kwana ɗaya suka yi, ta tarar da karare tsirara, da sawun kofato a saitin ƙirjin Xaver.

Kowa ya san mai aikin. Wani namijin barewa ne da muke kira Lauya. Duk watannin da doka ta yarda a harbi maza, ko inuwarsa ba a gani. Ana rufe farautarsu a tsakiyar Oktoba zai fito kan hanya yana taku kamar mai rangadi.

Burgi ta wuce gidan Korbinian, ƙanin mijinta, wanda ya gaji bindigar Xaver.

"Ƙanin miji, ɗauko bindiga. Ana kiwo a kan yayanka."

"Lauya ne? Sai Mayu, matar yaya. An rufe maza."

"Mayu? Ka je ka gaya wa Zenzi ta rufe ido sai Mayu."

"Lasisina za a karɓe. Kuma yaya ya ci danginsa ɗari biyu, don ya rama da 'yan furanni ai ya yi adalci."

Ta sayo wasu sittin. Ta zagaye su da gashin da ta share a shagon aski, Lauya ya tsallake. Ta rataya tsofaffin safar Xaver, ya shinshina ya ci gaba. Ta ajiye rediyo a jikin dutsen kabari, ya cinye rabi yana sauraron labarun yanayi.

Ana nan sai ta tsinci ƙahonsa ɗaya a kan kabarin, ɗayan a bakin famfon maƙabarta, don mazan barewar ƙasarmu kan zubar da ƙaho duk shekara a wannan lokaci. Ta kwasa da sauri, ta dire wa Korbinian a gefen kofin giyarsa.

"Ga shi nan, ba shi da ƙaho. Mace ce yanzu, mata kuwa a buɗe suke har Janairu."

Korbinian ya shafa sanƙonsa. "Ni ma nawa ya zube, ban ji kin fara ce mini ƙanwar miji ba. Doka ba kai take dubawa ba. Kuma ko macen ce, ba a harbi a maƙabarta."

"Wa zai kai ƙara? Na kwance?"

"Zenzi."

Wannan kam Burgi ba ta musa ba.

Ta koma kicin, inda ba a taɓa kayar da ita ba. Ta tuna ko ɓawon albasa barewa ba ta taɓawa a jujin bayan gida. Jajibirin Ranar Tsarkaka ta dasa sittin na uku, ta yayyanka albasa kilo takwas da tafarnuwa, ta shimfiɗa a ƙarƙashin ganye. Da safe furanni sittin cif. Don kada Lauya ya zo karin kumallo a makare, ta ƙara kilo huɗu sabon yanka kafin a kaɗa ƙararrawar coci.

Jama'a suka cika maƙabarta, rana ta ɗan buɗe, albasa ta tashi aiki. Fada ya iso kabarin Xaver, ya ɗaga hannu zai yayyafa ruwa, sai hawaye shar. Ya fara addu'a, murya ta sarƙe. Korbinian na gefe yana jan hanci, masu busa ƙaho suka rasa numfashi, layi uku na mutane kowa da hankici a fuska. Mutumin da ranar jana'izarsa aka fi maganar tsiran naman walima, yau gari ke masa kuka.

Zenzi ta matso, ido jawur. Ta buɗe su da ƙyar don ta ƙare wa furannin kallo, ba ta ga komai ba sai ruwa.

"Burgi," in ji ta, tana kama hannunta, "ashe haka muke son mutumin nan ban sani ba."

"Mutumin kirki ne," in ji Burgi, wadda shekara arba'in a kicin suka hana idonta kawo ko ɗigo. "Yi kukanki, 'yar'uwa. Matso nan gaba, an fi jin rashinsa."