Buhun da Aka Bari a But

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, amma ban taɓa mantawa da Talatar da muka je Sakkwato kai kukan shingaye ba. Ku da kuka shigo ofis kwanan nan kullum kuna ganin hotonta a bango, bayan kujerar shugaba, kowa na washe baki kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. To, bari ku ji abin da ke bayan hoton.

A lokacin ni ne mataimakin sakatare na ƙungiyarmu ta manoma da dillalan albasa ta Bodinga da Shagari. Kada sunan ya ruɗe ku. A aji uku na bar sakandare, saboda haka aikina jera kujeru ne, da kiran mutane a waya, da riƙe jakar shugaba. Shugaban kuwa Alhaji Modi ne, babban dillali, mutumin da in ya fara gaisuwa sai shayi ya huce.

Ga wanda bai san sana'ar ba, albasa ba gero ba ce da za ka zuba a rumbu ka manta. Da an ɗura ta a buhu an lulluɓe da tamfol a bayan mota, ba ta son tsayuwa. A bazarar shekarar sai shingaye suka tsiro a hanyar Jega kamar ciyawar damina. Katako mai ƙusoshi, tsohuwar ganga, da mutane masu riga mai ƙyalli, kowa ya ce haraji yake karɓa, kuma rasit ɗin na baya bai shafe shi ba. Direba ya yi gardama, a ce ya faka gefe. Mota ta wuni a rana, ta kwana, albasa ta dahu a cikin buhu.

Wanda abin ya fi ci shi ne Malam Tukur, wani manomi a Danchadi. Ya raba noman raninsa biyu. Rabin farko ya bi motar da aka tsare gaba da Shagari, ya zama ruwa. Rabi na biyu yana cikin rudu, wato rumfar da ake adana albasa, yana jiran hanya ta gyaru. In shi ma ya lalace, Malam Tukur ba shi da iri ba shi da taki na baɗi. Ya bar noma ke nan.

Ƙa'idar ƙungiya ita ce a kira taron gaggawa, a amince, sannan sakatare ya nemi izinin ganin babban jami'in da abin ya shafa. Duk an yi. Aka ba mu rana.

Da safe muna haɗuwa a ofis sai ga Malam Tukur a babur, ya ɗauro buhu guda yana ɗigar baƙin ruwa, ƙudaje na yi masa rakiya. Alhaji Modi ya toshe hanci da hannun babbar riga.

"Wanga fa, Malam Tukur?"

"Shaida ta, Alhaji. In ya shaƙa, ba sai mun yi dogon bayani ba."

"Haba Tukur, kai fa ɗan gidan mutunci na. Wa ka taɓa gani ya tai gaban babba da ruɓaɓɓen abu? Ko surukinka kana kai mai wanga?"

"Surukina bai aza shinge ba, Alhaji."

Ashe Alhaji tuni ya aika garin Sifawa an zaɓo masa albasa ɗaya bayan ɗaya, manya, jajaye, kowace ta cika tafin hannu, an zuba a sababbin buhuna. Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, kuma gaisuwar babba sai da mafi kyan abin da kake da shi. Haka muka tashi muka tarar. Wato za mu je mu ce albasarmu na ruɓewa, riƙe da albasar da ko a mafarki ba a samun irinta. Buhun Malam Tukur kuwa aka cusa shi a but ɗin motar da nake ciki, wai in an buƙata a ɗauko.

Mun isa da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Muka tuɓe takalma muka shiga wurin Mai Girma babban jami'in. Alhaji ya zube ya fara: "Ranka shi daɗe, Allah shi ƙara nasara, inuwar talakawa, ruwan da ka kashe gobara." Ya yi ta yi har na fara jin barci a tsugune.

Mai Girma ya ce, "Alhaji, yaya kasuwa?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe, sai godiya."

Sakatare ya miƙe zai karanta kukanmu. Kafin ya gama jero sunayen manyan baƙi, an kwance bakin buhu guda, Mai Girma ya ɗauki albasa yana jujjuya ta kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"Wannan a nan aka noma ta?"

"Cikin fadamarmu, ranka shi daɗe. Albarkacinku na."

"To ina ruɓewar da ake ta damun mu da ita?"

Sai Malam Tukur ya miƙe daga baya ya ce, "Tana cikin but, ranka shi daɗe."

Alhaji ya juyo ya yi masa kallon da ake yi wa akuya ta shiga masallaci. Ya ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba na, ranka shi daɗe. A bar kaza cikin gashinta."

Mai Girma ya yi dariya, muka taya shi, don ba a barin babba ya yi dariya shi kaɗai. Wani mai kwat ya raɗa masa cewa lokacin wani taron ya yi. Aka ce za a kafa kwamiti. Aka jera mu, Mai Girma ya ɗaga albasar sama, aka ɗauki hoto.

A hanyar komowa warin but ya cika mota, Alhaji ya ce a tsaya a yar da buhun. Malam Tukur ya ce, "A bar shi shi kai gida, Alhaji. Shi ɗai na cikinmu ya zo da gaskiya, kuma shi ɗai anka hana ma shiga." Haka muka tafi da shi har Bodinga.

Washegari rediyo ta ce manoman albasa sun kai ziyarar godiya saboda albarkar noma. Shingaye kuwa ko ƙusa ɗaya ba a cire ba. Malam Tukur ya jira kwamiti har hadari ya fara haɗuwa, ya ga in ya ƙara jira damshi zai cinye rudun, ya yi lodi. Aka tsare motar a wurin da aka tsare ta farko.

Daga baya direbobi suka gaji. Ba su da shugaba mai babbar riga, ba su kai wa kowa ko ɓawon albasa ba. Wata safiya suka gicciya motocinsu a titi suka zauna a inuwa. Kafin la'asar an kwashe yawancin katakan. Ƙungiyarmu ta yi taro ta yaba wa kanta bisa wannan nasara.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba maƙaryata ba ne, kunya ce da ladabi suka yi musu yawa, har sun gwammace su talauce da a ce ba su iya gaisuwa ba. Babba kuma abin da ka ajiye a gabansa shi yake gani. In an aike ku kai kuka, ku kai shi da warinsa.

Malam Tukur yana nan. In kun shiga kasuwa za ku same shi a rumfar Alhaji Modi da basilla a hannu, yana ɗinke bakin buhunan wasu. A hoton ma yana nan, can ƙarshe ta hagu, rabin fuska. Shi ne wanda bai yi dariya ba.