Mai Zanen da Ke Ɓoye Hannu

Shekara ashirin da shida Mai Fenti ya yi yana zane a ɗan shagonsa da ke tsakanin mai aski da mai gyaran agogo, kuma a duk shekarun nan bai taɓa zana hannun mutum ba. A fuska kam sai dai a sara masa. Ka kawo masa hoton kakanka da ya koɗe, ya fito maka da shi kamar zai buɗe baki ya tambaye ka ina ka shiga kwana biyu. Amma hannu? Ina! Namiji ya cusa nasa a aljihu, mace ta naɗe nata cikin mayafi, jariri kuwa a lulluɓe shi da tawul har wuya. Akwai wani direba da ya ce a zana shi riƙe da sitiyari. Da ya zo karɓa, sai ya ga kansa tsaye ya goya hannu a baya, yana kallon motar kamar mai shirin saye.

Mutanen layin ba su lura ba, ko kuma sun lura sun ja bakinsu. Kowa ya leƙo sai ya ce, "Kai, Allah ya yi baiwa a nan!" Shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai, ya goge buroshi a jikin tsohuwar rigarsa, ya ce ai ba komai. Yabo ya zame masa shayin safe, ranar da bai samu ba wuni yake da ciwon kai.

Mutum ɗaya ce ba ta ba shi wannan shayin, wato yayarsa. Tela ce, tef ba ya barin wuyanta, kuma ita ta goya shi yana ƙarami, don haka ba ta ga abin da zai hana ta faɗa masa gaskiya ba. Sarkin Aljihu take kiransa, ko a gaban baƙi.

Ana nan sai idon Inna, mahaifiyarsu, ya fara dishi-dishi. Likita ya ce hasken da ya rage mata ba shi da yawa. Ta kira Mai Fenti, ta miƙa masa wani ɗan mitsitsin hoton marigayi babansu, wanda aka ɓamɓaro daga tsohon kati, kai da wuya kawai.

"Ka zana mini shi a bakin aiki," ta ce. "Yana yankan katako, yadda na saba ganinsa. Ka yi tun ina gani."

Ga matsala: Baba kafinta ne, aikin kafinta kuwa duk hannu ne. Amma mutumin naku bai rasa dabara ba. Cikin kwana biyar ya gama: ga Baba, ga benci, ga zarto a rataye, ga wani ƙaton katako da ya tare shi daga ƙirji zuwa ƙugu. Mai aski ya leƙo ya ce saura kaɗan ya gaishe shi.

Yaya ta zo da yamma, ta tsaya ta kama ƙugu.

"Fuskar Baba ce, ban musa ba. To amma aiki yake yi ko ɓuya?"

"Haba Yaya! Ni na taɓa sa miki baki a ɗinki?"

"Ka sa mana, ranar da ka ga na yi ha'inci. Kafinta Inna ta ce ka zana mata, kai kuma ka kawo mata mai gadin katako. Shekara nawa kana wannan wayon? Ni dai na san tsoro kake ji."

Maganar ta soke shi, domin gaskiya ce. Kwana uku yana fushi, ko wayarta ba ya ɗauka. A rana ta huɗu ya ɗauki takarda da fensir, ya tafi shagon wani kafinta a bayan layi, ya zauna kan buhun garin katako yana zana hannuwa. Na farko sun fito kamar nonon ayaba. Na biyu, kafintan ya leƙa ya tambaye shi cikin ladabi ko safar hannu ce.

Dole ya sauke girman kai ya nufi ɗakin ɗinkin Yaya. Ga mamakinsa, ba ta yi masa dariya ba, sai dai kaɗan. Ta zare tef daga wuya ta kamo hannunsa.

"Komai da awo. Duba, dogon yatsan nan kusan rabin hannun ne. Kai kuma kana jera su kai ɗaya kamar haƙoran mataji. Sannan babban yatsa daga gefe yake tasowa, ba ɗan'uwansu ba ne na layi."

Mako biyu yana kai mata takardu tana yi masa gyara da allin ɗinki. Ya kankare katakon nan da ya ɓoye Baba, ya zana hannun dama riƙe da zarto, jijiyoyi sun tashi, na hagu ya danne katako. Shi kansa da ya ja baya ya kalla, sai da ya ji ƙwalla. Ya aika a kira Yaya, ya gyara tsayuwa yana jiran shayinsa.

Ta daɗe tana kallo. "Wallahi hannun ya yi," ta ce. "Ban taɓa zaton za ka iya haka ba."

Ya fara sunkuyar da kai ke nan, ta ƙara da cewa, "Sai dai Baba bahago ne."

Ashe shi duk yarintarsa fuskar Baba yake kallo, don ya gane ko yau akwai faɗa. Yaya ce mai riƙe wa Baba bakin katako, ita ta san hannun da ke jan zarto, har da farcen babban yatsan hagun da katako ya faɗo wa ya fasa, ya warke a karkace.

"Inna ba za ta lura ba," ya ce a hankali. "Idon ya yi nisa."

"Shekara arba'in da ɗaya suna tare. Kai dai ka gyara."

Wannan karon bai yi fushi ba. Ya ɗauki wuƙar kankara, ya share aikin mako biyu da hannunsa, ya ce ta zauna ta kwatanta masa farcen.

Ranar da suka kai zanen, Inna ta sa aka jingina shi kusa da taga, aka ajiye mata kujera. Ta kawo fuskarta dab da shi. A kan fuskar Baba, wadda Mai Fenti ya fi alfahari da ita, ba ta ce komai ba, alamar ba ta iya rarrabewa sosai. Ya ce a ransa ya makara. Sai idonta ya gangaro, ya tsaya a kan hannun hagu. Ta ɗora yatsunta a kan fasasshen farcen.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce wa mijinta da ke cikin zanen.

Yaya ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Inna kuwa ta dafa kujerar ta miƙe.

"Ku mayar da ni wancan gefen. In na zauna ta hagunsa, gwiwar hannunsa buge ni take yi."