Akuyar da Ta Ɓata a Kwamfutar Malam

Wai mutumin da ba ya shiga motar Tsanyawa sai ya zagaye ta ya harbi tayoyinta da ƙafa, yaya aka yi ya aure ni bai taɓa ɗanɗana miyata ba? Na tambaye shi yana da rai, dariya kawai ya yi. Yanzu wa zan tambaya? Bilkisu, autata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara min. In kin ji na yi shiru, kuka ne, ki jira ni.

Ba zan kama sunan mijina ba, ban kama ba yana raye. Ku da kuka zauna da shi kun san laƙabinsa tun yana koyarwa a firamare: Malam A-gwada. Komai aka kawo masa, sai ya karkata hula ya ce, "A gwada tukuna."

Shekarar da muka yi sabon rumbu, gero na zube a tsakar gida, kaji na biki, Malam ya ce ba a zubawa. Ya kafa tsani ya ce, "Tabawa, shiga ki zauna."

"In shiga rumbu? Ni dawa ce?"

"Shiga dai. In kin ji wani abu ki yi magana."

Ina zama sai na ji shaaa! Ashe tulu ya ɗauko ya tuttule a kan jinka. Ruwa ya sauko min ta tsakar ka har gadon baya. Na fito ina bala'i, shi kuwa fuskarsa fal murna.

"Alhamdulillahi! Da gero ne da ya ruɓe."

"Ni fa?"

"Ke ai kina bushewa."

Igiyar guga ma haka. A kasuwa ya ɗaura ta a reshen darbejiya ya yi lilo da ita, da rigarsa da rawaninsa, mai igiya na roƙonsa ya sauko don Allah. Igiya ta tsinke, Malam ya zo ƙasa tim! Aka kawo min shi a amalanke. Ina gasa masa ƙugu ina faɗa, ya ce, "Ki gode wa Allah. Ni na san hanyar gida, guga in ya faɗa rijiya bai sani ba."

Da ya yi ritaya ya ishe mu da gwaje-gwaje, har murfin tukunyata bai tsira ba. Sai Bilkisu, da ke aikin kwamfuta a Rijiyar Zaki, ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta don mu huta. Ta ce akwai wani abu, rumbun bayanai, da ake ajiye sunaye a ciki, asibitoci da makarantu na amfani da shi. Mutanen ƙasashe daban-daban ne ke gina shi kamar aikin gayya, ba mai shi, kowa ya ɗauka kyauta. Kafin su saki sabo, sai masu gwaji sun duba sun ce ya yi. Malam na jin an ce rumbu, an kuma ce gwaji, ya gyara zama. Wayyo, da mun sani!

Batirin kwamfutar nan ya mutu, da wutar sola take aiki, in an zare waya nan take take ɗaukewa. To, nan Malam ya sami sana'a. Ya zuba mata sunayen duk akuyar da muka taɓa kiwo, da 'ya'yansu da jikokinsu. Tana tsakiyar adanawa sai ya fizge waya, fit! Ya mayar, ya kunna, ya duba ko duk suna nan. Ya shirya ta yadda in sun cika za ta nuna kore, in wata ta ɓata ta nuna ja.

Na ce, "Malam, yarinya ta ba ka abu kana kashe shi da gangan?"

Ya ce, "Su can wutarsu ba ta ɗaukewa, ba su san halinmu ba. Gara ya mutu a hannuna da ya mutu a hannun ungozoma."

Masu ginin rumbun bayanan nan suka so shi, har suka haɗu za su aiko masa da sabuwar kwamfuta. Ya ƙi ƙememe. "Sabuwa in an zare ba ta mutuwa. Me zan yi da abin da ba ya mutuwa?"

Bana da kaka, ana shirin sakin sabon rumbun bayanan, na ji ya ƙwala salati daga zaure. Na ruga da muciya a hannu.

"Tabawa, Kyalla ta ɓata!"

"Kyallar da muka yanka ran sunan Bilkisu?"

"Ita! Ba ta ciki!"

Na ce Allah ya ji ƙan Kyalla, mun cinye ta tuntuni. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yau akuya ce. Gobe sunan mai jego ne zai ɓata a asibiti, a rasa allurar da aka yi mata."

Ya sanar da abokan aikinsa. Suka gwada, suka sake gwadawa, ba su ga komai ba. Shi ma ya yi ta zarewa, kore kawai. Cikin ladabi suka ce masa ba za su iya gyara abin da ba su gani ba, in bai sake fitowa ba zuwa Juma'a, za su saki. Ba su yi laifi ba, mutane na jira.

Kafin Juma'ar nan ciwo ya kayar da shi. Ɓarin damansa ya shanye, ido ya dushe. Da aka sallamo mu daga asibiti, ranar Alhamis da hantsi, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, aka jawo masa wayar sola. Da yatsan hagu yake dannawa, amma ba hannun fizga.

Ya ce, "Ke za ki ja. In na ce yanzu, ki zare. Sannan ki faɗa min launi."

Ni da ban san alif ba, ga ni riƙe da wayar Malam. Yakan kara kunne ya saurari kukan kwamfutar, ya ce, "Yanzu!" In zare, in mayar, mu jira. Kore. Ya sake. Kore. Ni ina so ya haƙura ya sha kunu ya huta, shi kuwa duk koren da na faɗa sai fuskarsa ta ƙara faɗawa. Ya fara cewa a hankali, "Ko dai idona ne ya yaudare ni ran nan?" Ban taɓa jin Malam ya yi shakkar kansa ba sai ranar. Abin ya soke ni.

Ya sake dannawa. Bai kai ga cewa komai ba sai ga akuyar maƙota ta faɗo ta katanga, ta tsoma baki a ƙwaryar dawata. Na zabura da "Kai, 'yar banza!" waya na hannuna, ta fita.

"Kin yi sauri! Ban ce ba!"

Na mayar da wayar. Kwamfutar ta kunnu. Na duba, na murza ido na sake dubawa.

"Malam, ja ne."

"Me?"

"Ja wur, kamar barkono."

Jama'a, da rabin baki ya yi dariyar nan, har hawaye na bin kuncinsa. Ashe da fari-farin adanawa ɓarnar take, shi kuwa kullum yakan jira ta yi nisa.

Da yamma Bilkisu ta iso ta aika musu abin da kwamfutar ta nuna. Suka dakatar da sakin, suka gano wurin, suka gyara. Amma kafin amsarsu ta zo harshen Malam ya riga ya ɗauke, bai kuma sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ya Allah, bawanka bai taɓa miƙa wa mutane abin da bai amince da shi ba. Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari, Ka haskaka makwancinsa, Ka sada ni da shi cikin rahama.

Can a inuwar rumbu, da dariyar ta lafa masa, ya juyo da fuska wajena ya ce, "Kar ki taɓa komai, bar shi a haka su gani. Kori akuyar nan, Tabawa, ki dawo ki riƙe min hannu. Na hagun, shi ne yake ji."