Ranar da Ampul ta Faɗa Turmina

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ranar da ampul ta faɗa cikin turmina ba za ta fita ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ce, damina kuma ta juya mana baya. Makiyaya suna shigowa Agadas daga wajen Ingal da awaki waɗanda ake hangen haƙarƙarinsu daga nesa. Gero ya zama abin ɓoyo. A shekarar ɗana ya kawo wata ampul fara, wato ƙwan fitilar lantarki, murɗaɗɗiya kamar hanjin akuya, ya ce ba ta cin wuta. Ya rataya ta a rumfar da nake daka, ƙasa-ƙasa, don idona ya fara rauni.

Wata rana da hantsi na zuba geron da ya rage mana a turmi, turmin da na gada wurin uwata. Jikata jaririya tana barci a tabarma kusa da ni. Na ɗaga taɓarya, ta bugi ampul ɗin, sai na ji tas! Kwalba ta zubo cikin gero, da wani farin gari kamar toka.

Me mace za ta yi? Abin da muka iya tun muna ƴan mata: in tsakuwa ta shiga hatsi, a bakace. Na juye a faifai, ina tsince kwalba, ina bakace, ina hure garin da bakina. Har asabari na saki, don kada iska ta ɗauke mini ko ƙwaya.

Haka ɗiyata, mai aiki a gidan likita, ta shigo ta tarar da ni.

"Inna! Aje faifan nan! Bar hurawa!"

Ta suri jaririyar ta yi waje, ta dawo ta yaye asabarin, ta ja ni da hannu.

Na ce, "Ke, lafiyarki? Kwalba ce, na tsince ta."

"Ba kwalbar ba ce, Inna. Akwai zaiba ciki, guba ce. Ba a ganinta, ba ta da wari, shaƙarta ake yi."

Ta hana kowa shiga rumfar sai da iska ta ratsa ta sosai. Na ɗauko tsintsiya, ta fizge, ta ce tsintsiya watsa ta take yi. Da guntun kwali ta tattara ɓaraguzan, ta bi da jiƙaƙƙen tsumma, ta kankare ƙasar wurin, ta zuba duka a gwangwani mai murfi. Sannan ta miƙa hannu ga faifan.

Na riƙe. "Mu wanke shi."

"Ba ya wankuwa."

"To a ba akuya."

"Mu kuma mu sha nononta?"

Ina kallo aka rufe geron nan, a shekarar da mata ke kakkaɓe buhu don ƙwaya. Turmin ma ta ce garin ya shiga tsagarsa, an gama daka a ciki. Ran nan da ɗan abin da maƙwabciya ta sammana muka yini.

Washegari na ɗauki gwangwanin na dire shi gaban mai butikin, ɗan kantin da ya sayar wa ɗana da ampul ɗin.

Ya ce, "Hajiya, ai an rubuta a jikin kwalin."

"Da wane harshe?"

"Faransanci."

"Na yi maka kama da wadda ta shiga lakwal ta yi boko? Kai ka karanta?"

Sai ya yi dariya, ya ce shi ma bai duba ba. Wannan dariyar ce ban yafe ba. Kullum rediyo na karanto mana sanarwar soja da Hausa tsaf, amma ba a sami mai baki ɗaya da zai ce mana abin da muka rataya bisa kan ƴaƴanmu guba ce a ciki ba.

Allah Ya tsare, ba wanda ya kwanta. Turmin yana nan a kife, a kansa nake zama. Tun ranar, duk abin da aka shigo mini da shi gida sai na tambaya: in ya fashe, me ke ciki? Ku ma ku tambaya. In ampul irin wannan ta fashe, ku fitar da yara, ku buɗe wa iska hanya, ku aje tsintsiya. Hannuna ya ƙware a bakace, amma ran nan na gane ba duk abin da ya faɗa hatsi faifai ke fitarwa ba.