Ƙanzon da ya toshe injina

Ni dai Allah ya yi ni da sakin hannu. Ko shayi na haɗa sai madara ta yi yawa. Wannan halin ne ya kusa hana Inna, mahaifiyata, zuwa garinsu.

Garin nasu yana ƙarƙashin ruwan Tiga tun tana amarya, can aka bar kaburburan iyayenta. Sai bazara ta yi nisa, ruwa ya ja baya, sannan kan wani dutse da ke bayan gidansu yake leƙowa. Da shi take gane wurin. Shekarar da na sayi injin kwalekwale na yi mata alkawarin kai ta, na kuwa cika baki a gaban kowa.

Irin injin nan ne da ake gauraya masa fetur da baƙin mai. An nuna mini ma'auni, amma ni na ga ai rowa ce. Injin da ke ciyar da ni? Kullum sai na ƙara masa baƙin man murfi guda, wata rana biyu. Hayaƙi kuwa, har masunta suna tsokanata wai na buɗe gidan burodi a tsakiyar ruwa. Ni ko a jikina.

Ana saura kwana biyu tafiya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, injin ya ce bai san zancen ba. Yana tashi, amma in na murɗa sai tari da shaƙewa. Hankalina ya tashi, don ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su rufe dutsen, Inna kuma ba yarinya ba ce balle a ce sai baɗi.

Na ɗauko bakanike daga Kwanar Dangora. Ya kwance wajen fitar hayaƙi ya zaro bawul, ɗan ƙarfen da ke buɗe wa hayaƙi hanya in gudu ya ƙaru. Bawul ɗin ya daskare da baƙin maiƙo. Mutumin ya dube ni ya tambaya ko miya nake dafawa a ciki. Ya ce sabo sai an nemo a Kano, kuma in aka kankare da wuƙa ya lalace.

Inna tana gefe tana tsintar wake, ta ce a miƙo mata. Ta juya shi, ta shinshina.

"Wannan ai ƙanzo ne," in ji ta. "Jiƙa shi ake yi."

Ta tsoma shi a kwanon kananzir ya kwana. Da safe ta bi shi da karan dawa da tsumma, tana gogewa tana wanke ni tas a gaban bakanike kan yawan man da nake zubawa, shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya. Da aka mayar, ja ɗaya injin ya kama, na murɗa babu tari babu shaƙewa.

Washegari da hantsi muka isa. Abin da ya rage na dutsen bai fi faifai ba. Inna ta ce in kashe injin. Ta miƙa hannu ta dafa dutsen, ta yi sallama kamar mai shiga gida.

"Baba, Iya, ni ce. Na tsufa, amma ga ni na zo."

Na juya ina gyaran wata igiya da babu abin da ya same ta, don kada ta ga idona.